Maganin Baba Ba Na Mas'ud Ba Ne

Kurfi, Jihar Katsina.

Zuwa ga Yaya Mas'ud,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Hassana da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a can Fatakwal. Mu nan damina ta yi kyau, gero ya fara kai, Inna kuma ƙafar tata da sauƙi. Na zaɓi rubutu ne don in na kira ka a waya Baba na kusa, kuma ka san kunnensa ya fi na kowa a gidan nan. Ni dai hankalina ba a kwance yake ba, ko tuwo na ɗora sai in manta da shi a wuta.

Ka san tarin da ya hana Baba kiran sallah. Ya ƙi asibitin gwamnati, wai ladan guda ba zai bi layi ana kallonsa ba. Dole muka kai shi Dutsin-Ma, ƙaramin asibitin kuɗi na Madam Felicia. Ita ta aika da majinarsa gwaji, aka ce tarin fuka ne. Ashe gwamnati ke kawo mata maganin kyauta, nata kawai ta ba shi, ta kuma sa masa ido. Amma Baba ya ce ba ya shan ƙwaya har wata shida. Da Inna ta rasa yadda za ta yi, sai ta ce masa kai ne ke aiko da maganin tun daga can. Yaya, da ka ga fuskarsa. Kullum da safe sai ya sa maka albarka kafin ya haɗiye. Ya yi ƙiba, murya ta dawo, har yana gaya wa mutanen masallaci cewa ɗansa bai manta da shi ba.

Makon jiya sai ga Malam Yazid, ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma, ya zo a babur don ya duba mu mutanen gidan ko wani ya ɗauka. Alhamdu lillahi, babu. Bawan Allah bai san komai ba, cikin hira ya yaba wa Baba, ya ce maganin na gwamnati ne, kowa kyauta ake ba shi. Baba ya tashi ya raka shi ƙofar gida. Tun ranar bai sake taɓa ƙwayar ba. Yana cewa shi ba ya shan maganin sadaka, amma ni na san ba shi ne ciwon ba. Jiya na ji yana tambayar Inna yaushe rabon da ka kira shi da kanka.

Madam Felicia ta kira ni har na fara jin kunyar ɗagawa. Ta ce in ya yanke a tsakiya, tarin zai iya dawowa ya ƙi jin wannan maganin, kuma na gaba ya fi wahala nesa ba kusa ba. Ina jin tsoro, Yaya, wallahi ina jin tsoro. Yau da asuba ya tsaya a tsakiyar kiran sallah yana tari, muna ji daga cikin gida.

Kada ka aiko da komai, magani na nan a kan taga. Na san aiki ya sha maka kai, babban mutum, amma ka zo. In ba hali, ka kira shi kowace safiya, ka tsaya a kan layi har ya haɗiye.

Ka gaida Anti Hassana da Nana Hadiza da ɗan autanku. Inna da Gwaggo Azumi da Kawu Lado na Kuki duk suna gaishe ka. Baba bai ce in gaishe ka ba. Sai dai duk motar da ta tsaya a ƙofar gida, sai ya gyara hularsa.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Zaituna Ashafa