Robar Maganin Ciyawa

Laraba da dare, Tsafe

Da la'asar ɗiyata A'isha ta dawo daga gidan Yaya Hadiza riƙe da zoɓo a roba, ta sha ya kusa ƙarewa. Ina karɓa na ga alamar da na karta da wuƙa a gindin robar. Ta maganin ciyawar da maigidana Malam ya yi feshi da shi a gonarmu ta 'Yankuzo ce.

Bayan feshin, ni da hannuna na tara robobin nan zan huda in binne. Yaya ta tarar da ni, ta ce in huta, akwai rami a bayan gidanta, za ta binne mini. Har godiya na yi mata!

Daga asibiti na wuce gidanta. Sun duba A'isha, sun ce in sa mata ido, in ta fara amai in maido ta. Na samu Yaya tana ɗura zoɓon sayarwa a sauran robobin.

"Haba ke kuwa," in ji ta, "da toka da ruwan zafi na wanke su. Mi za su yi? Roba mai kyau haka a binne ta?"

Uwarmu ɗaya da matar nan. Da ma rashin sani ne, wallahi da na haƙura. Amma na tambaye ta ko nata 'ya'yan na sha a ciki, sai ta kau da kai.

Nata a kofi take zuba musu.