Gwadon Akurkin Kaji

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? A gaishe mini da Yaya da yara.

Baba, albishirinka! Ka san bincikena a kan cinikin tufafi na zamanin da ne. Malamina ya kafe cewa tun da yadin inji ya shigo, masaƙa irin kakanka suka rasa kasuwar waje. Wata takwas ina neman hujjar da za ta nuna ba haka ba ne.

To, jiya a ɗakin adana tsofaffin takardu aka miƙo mini kundin wani attajirin ƙasar waje, inda ya manna ƙyallayen kayan da ya saro shekara ashirin bayan zuwan injin. A shafi na tara sai ga namu: baƙin zare uku a gefe, sannan ja ɗaya, aikin da ka ce kakanka kaɗai ke yi. Na ƙwalla ihu har mai gadi ya leƙo!

Kada ku damu da ni. Tagar ɗakina ba ta rufuwa sosai, amma tarin da nake yi ya yi sauƙi. Tallafin karatuna saura wata uku, wannan hujjar ce za ta sa a ƙara mini lokaci.

Malam ya ce sai ya ga na gida ya gwada su. Don Allah, tsohon gwadon nan saƙar kakanka da Inna ke rufe akurkin kaji da shi, a ɗauke shi yau, kada a wanke, a aiko mini. A nan sai da safar hannu ake taɓa ɗan'uwansa. Kajin su yi haƙuri, zan sayo musu sabo.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
Auta