Mushen da Kuka Sayar Mana da Sunan Faransanci

Zuwa ga Alhaji, mai makarantar lesin ta yamma da ke bayan tashar jirgin ƙasa, Agege.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Yau shekara bakwai rabona da Jibiya. Ina gadi a wani kamfani a Isolo, takardata ta shaidar malanta tana ninke a ƙasan akwati. Da sojoji suka koma bariki na ce bari ni ma in gyara tawa rayuwar: in karanta Faransanci a jami'a, in koma gida in koyar. Allonka da ke bakin titi ya ce kuna shirya ɗalibai don jarrabawa da intabiyu. Wata tara ina hawa motar haya ta danfo zuwa makarantarka bayan tashi daga aiki. Sau uku na zo ofishinka bayan abin da ya faru, kullum a ce oga ya tafi Idumota. Shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Ka gabatar mana da Malam Isufu a matsayin wanda ya yi karatu mai zurfi a ƙasar waje. Ƙasar wajen Maraɗi ce, karatun kuwa aji huɗu na firamare. Maigadin gidanka ne. Da bakinsa ya faɗa mini, kansa a sunkuye, cewa kai ka sa masa kwat ka ce ai 'yan Nijeriya ba za su gane ba.

Na biyu. Abin da ya koya mana Hausar Nijar ce mai ɗigon Faransanci. Makaranta lakwal, littafin rubutu kaye, babbar mota kamyo. Muka rubuta, muka haddace kamar karatun allo. Ya kuma ce a Faransanci malami shi ne mushe, haka ma muke kiransa. Mun yi dariya ranar farko, don a garinmu mushe ungulu ke sauka a kai, sannan muka saba.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni cin abinci kwana biyu. Ranar intabiyu na shiga gaban malaman jami'a uku, shugabarsu mace ce dattijuwa. Na rusuna na gaishe ta da mushe. Ashe kalmar ta maza ce kawai, kuma ba haka ake furta ta ba. Ta gyara mini cikin mutunci, ta jefo tambaya. Alhaji, wallahi ko kalma ɗaya ban kama ba, don a wata taran nan ba a taɓa yi mana cikakkiyar jimla ba. Na sake cewa mushe. Malamin da ke gefenta ya taɓa zama a Kano, yana jin Hausa. Ya sa hannu ya rufe baki. Ni da furfura a gemu. Cikin minti huɗu aka sallame ni, sunana bai fito ba.

Ba zan zalunce ka ba. Malamar Turancinka ta san aikinta, da taimakonta na ci jarrabawar rubutu. Malam Isufu ma bai taɓa makara ba, abin da yake da shi ya bayar. Ni ma da laifina, da ban nemi ganin takardarsa ba. Amma shi bai san girman ramin ba, kai ka sani, ka tura mu.

Abin da nake nema: ka ɗauko malami mai shaida kafin 'yan ajin da ke bayanmu su je tasu intabiyun, akwai zawarawa da 'yan dako daga Ketu a cikinsu. Ka bar ni in maimaita ba tare da sabon biya ba, don shekaruna ba za su jira ni sau uku ba. Kada kuma ka huce a kan Isufu. Ka mayar masa da gadinsa.

Allah ya shirye ka, ya tsarkake maka abin da kake ciyar da 'ya'yanka, ya sa kada wani naka ya tsaya inda na tsaya.

Abin da na tsira da shi daga hannunka ga shi: tsohon ƙamus ɗaya marar bango, rasit tara masu sa hannunka, da hutun kwana biyu da ya rage mini a wurin aiki.

Wassalam.

Lawal Sada Jibiya,
Agege, Legas.