Na Ba Ɗana Jelin Kwali, Ga Saukarsa Ta Matso

Zuwa ga Gwaggo Rabi,

Don girman Allah ki taimake ni, ki amsa mani wannan takarda kafin wata ya mutu, don in ta wuce haka ban san amfanin da za ta yi mani ba. Kwana goma sha biyu ke nan ina ɗauke da wannan magana ni kaɗai.

Ni matar malamin dabbobi ce, muna zaune a Kankia, amma asalinmu ƙauyen Boko ne na ƙasar Kusada. Can ɗana na fari yake wajen kakanninsa tun da aka yaye shi. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, kin san al'adarmu, amma tunda takarda ba baki ba ce zan rubuta: Nagoggo ake ce mashi. Shekararsa goma sha biyu. Kakansa Modibbo, uban mijina, shi ke karantar da shi, saura izu ɗaya ya sauke Alƙur'ani. An sa rana, da zarar an gama yankan dawa. Har an ware bijimin da za a yanka.

A ajin matan da muke zuwa ranar Laraba, inda na koyi boko da ɗinki, malamarmu ta nuna mana wani abu wai shi jeli. Gari ne a ɗan kwali, a dama shi da ruwan zafi, a ajiye wuri mai sanyi, sai ya daskare ya yi laushi, in an taɓa shi ya yi ta rawa. Da maigidana zai je Katsina na sa ya sayo mani kwali huɗu a kanti, da kaka ta yi na tafi da su can Boko. Ba zan ɓoye maki ba, so na yi in burge, a ce ta Kankia ta zo da abin da ba a taɓa gani ba. Kuma yaron nan ba ni da hanyar nuna mashi ƙauna a fili, ko kallonsa ba na yi gaban mutane, sai dai ta abin da zai ci.

Na dafa sabon zoɓon da aka tsinko a gefen gona, na tace, na sa zuma, na dama garin a ciki, na zuzzuba a kwanoni na jera a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Da safe ya kama, ja wur. Yara goma sha ɗaya na gidan suka yi ta tsalle suna kiransa mai-rawa. Inno, uwar mijina, ta ƙi taɓawa, ta ce ita ba ta cin abin da ke motsi ba shi da rai. Nagoggo na ware wa kwano guda, na ba ƙanwarsa ta kai mashi. Ya cinye tas. Kwana uku a jere ina yi.

Sai ga Haulatu ƙanwar maigidana ta zo hutu daga makarantar horon malamai. Ta tsinci kwalin a bola, ta karanta Turancin da ke jiki, ta ja ni bayan rumbu. Ta ce abin da ke sa shi daskarewa daga ƙashi da fatar dabbobi ake dafo shi a Turai, kwalin bai faɗi wace dabba ba, amma malamarsu ta gaya masu galibi alade ne. Gwaggo, nan take na roƙe ta kada ta gaya wa kowa.

Tun muna yara muke jin cewa haram in ta shiga ciki karatu fita yake yi. Sai na ce bari in wanke mashi ciki kafin abin ya bi jini. Na jiƙa ganyen filasko ya yi kauri na zuba mashi a kunun tsamiya, ban gaya wa kowa ba. Bayan kwana biyu na ƙara, na kuma ƙarawa. To yanzu abin da nake gudu ya fara. Yaron da ke biya allonsa ba gargada, yanzu sai ya kama aya ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya rame, idonsa ya faɗa, jiya har gyangyaɗi ya yi a kan allo da hantsi. Ta bayan zana na ji Modibbo yana tambayarsa abin da ke damunsa, muryar tsohon duk ta canza.

Da wata ce da ta je ta tambayi malami. To malamin unguwar shi ne Modibbo, ni kuwa shekara goma sha huɗu da aure ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na ji takunsa ɗaki nake shigewa. Da wane baki zan ce mashi na ba jikansa alade? Maigidana ya koma aikin allurar shanu, sai jajiberin sauka zai zo.

Ina tsoron ranar ta zo, a tara malamai, a miƙa mashi allon zayyana ya kasa buɗe baki, kuma ni ce sila. In ƙara mashi filaskon ne, ko akwai wanda ya fi shi ƙarfi? Karatun da ya zube yana dawowa? Don Allah kada ki buga sunana a jarida.

Taki cikin tashin hankali,
Uwar Mai Sauka, Kusada

Amsar Gwaggo Rabi

'Yata Uwar Mai Sauka,

Kafin komai, ki zubar da filaskon nan yau ɗin nan. Ko cokali ɗaya kada ki ƙara ba shi. Ki koma ki duba takardarki da kyau: yara goma sha ɗaya suka ci jeli, ɗaya ne kawai ya sha filasko, kuma shi kaɗai ne ya rame. Na nuna wa wata ma'aikaciyar jinya takardarki, ta ce yaron da aka wanke wa ciki sau uku a jere ruwan jikinsa ne ya ƙare, ko babban malami ne sai ya yi gyangyaɗi a kan allo. Karatunsa yana nan, ƙarfin fito da shi ne babu. Ki ba shi ruwa da yawa, da fura da nono, da romo mai ɗan gishiri. In kwana biyu suka wuce bai ware ba, a kai shi asibiti, kuma ki faɗi abin da ya sha.

Haulatu ba ƙarya ta yi miki ba. Ana yin garin nan da ƙashi da fata, wani na saniya, wani na alade, kuma tunda kwali bai bayyana ba, barinsa shi ne daidai. Tsoron da kika ji ma na mai kula da addininta ne, ban ga laifinki a nan ba. Amma na tambayi malamin da nake tambaya, ya ce wanda ya ci abu bai sani ba babu zunubi a kansa, balle yaron da bai balaga ba, haka ma wadda ta ba shi bisa rashin sani. Inda kika yi kuskure shi ne ɗura wa yaro magani a ɓoye.

Kunyar suruki abu ne mai kyau, ba zan ce ki tsaya gaban Modibbo ba. Ai don irin wannan Allah ya ba ki Inno. Ki same ta ita kaɗai ki gaya mata duka, har da filaskon, ita ta san yadda za ta isar wa mijinta. Za ta yi miki faɗa, ki sunkuyar da kai ki sha. In kika yi shiru, tsohon nan zai fara zargin baki ko sammu, a ɗora wa maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Mai-rawa kuwa ba sai da kwali ba. Ƙafar saniya ma tana yin sa. A babbake, a kankare, a wanke tas, a dafa ba gishiri ba yaji tun daga hantsi har la'asar. Ki tace romon da tsumma mai tsabta, in ya huce ki kwashe man da ya taso. Ki ɗumama shi, ki haɗa da zoɓo mai kauri da zuma da ɗan kanumfari don kashe ƙarni, ki mayar gindin randarki.

Saboda haka ranar sauka, in an yanka bijimin nan da bisimillar Modibbo, ki ce wa Inno a ajiye miki ƙafafun guda huɗu. Washegari ki ware kwano guda ki ba ƙanwarsa ta kai masa. Ba sai kin kalle shi ba, ya san wadda ta aiko.

Allah ya ba shi lafiya, ya buɗe masa harshe a gaban malamai, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Gwaggo Rabi