Bindigar da Ka Aiko wa Rumay

Zuwa ga ƙanena Siyaman Rumay, a birnin Taichung,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka da ƙananan yaran. Ina roƙon Ubangiji ya tsare ka daga injinan masana'antar nan, ya ƙara maka ƙarfin baya. Mu nan tsibiri da sauƙi. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, amma kullum sai ta lallaɓa gonar gwaza ko an hana ta, ta dawo tana zagin aladun maƙwabta. Da gangan na ƙi kiranka a waya, don na san halinka, ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, ni kuwa yau sai ka ji ta duka.

Maganar ɗanka Rumay ce, wanda ka bari a hannunmu, da kayan da ka aiko masa. Ranar da jirgin kaya ya sauke akwatin nan, ya buɗe shi a tsakar gida yana ta washe baki: tukunyar iska ta numfashi a ƙarƙashin ruwa wadda ake goyawa a baya, da bindigar mashi ta harbin kifi, ta ƙarfe mai roba biyu, doguwa har kafaɗarsa. Maigidana ya ɗaga ta ya jujjuya, ya ce masa wannan ba ta farauta ba ce, ta yanka ce. Ya gaya masa abin da kai ma ka sani tun kana yawo ba wando, cewa a nan namiji da numfashi ɗaya yake nitsewa, in numfashin ya ƙare kifi ya yi nasara, sai ka hau sama ka bar masa gidansa. Ya kuma ja masa kunne cewa lokacin kifi mai fiffike ne, ba a harbin kifin dutse sai an rufe kakar. Rumay ya ce to, irin to ɗin nan tasa da kai ka koya masa. Kada ka manta, da ƙyar aka ba shi mazauni a babban jirgin kamun kifi bana, don kai ba ka nan, maigidana ne ya tsaya masa a gaban dattawa ya ce ya ɗauki nauyinsa.

Ranar da abin ya faru, Rumay ya ce cikinsa na murɗawa, jirgi ya fita ba da shi ba. Ashe ƙarya yake shara mana. Da gari ya waye ina gonar da ke saman gaɓa, sai na hango shi yana fitowa daga ruwa da tukunya a baya, yana jan wani abu da na ɗauka mutum ne. Ƙaton kifin nan ne na kogon bayan dutse, wanda Baba ya yi ta nema har ƙirjinsa ya gaza, wanda mazan garin nan suke nitsewa su gaisa da shi su dawo suna dariya. Ya huda shi ta ido, mashin ya fita ta ɗaya gefen, jini ya rina ruwan gaɓar. A daidai lokacin jirgi ya iso, mutane sun kwana suna tuƙi, abin da suka samo bai cika kwando ba.

Siyapen Karaw, shugaban jirgin, shi ya fara sauka. Bai ɗaga murya ba da fari. Ya tambaye shi yaya cikin, sannan ya tambaye shi numfashi nawa ya yi kafin ya samu kifin. Da ɗanka ya sunkuyar da kai, wataƙila da a nan ta tsaya. Amma sai ya yi dariya ya ce, "Haba Kaka, ku da kuke fama da ƙirji kamar masu asma! Ni zama na yi a ƙofarsa har ya leƙo." Tsohon ya ce, "To ba kama shi ka yi ba, ɗan banza, kwanton ɓauna ka yi masa, kuma a kakar da aka hana." Ya kwaɗa masa mari, wanda har daga gona na ji ƙararsa.

Daga nan fa abin ya ɓaci. Rumay ya hankaɗe tsohon ya faɗi kan duwatsu, goshinsa ya fashe. Mazan jirgi suka yo kansa gaba ɗaya. Wani ya maka masa filafili a gadon baya, ƙarfen tukunyar ya yi ƙara, wani ya finciko tiyon numfashin daga wuyansa ya shaƙe shi da shi. Suka kayar da shi suna shuri, bakinsa na zubar da jini, haƙorinsa na gaba yana nan cikin tsakuwa har yau. Duk da haka bai saki bindigar ba. Abin da ba wanda ya lura shi ne, bayan ya kashe kifin ya sake ɗana ta da wani mashin, kuma haka ya fito da ita tudu. Kai ka san ko bindigar katako ba a fitowa da ita a ɗane, tun cikin ruwa ake sassauta roba. Shi kuwa wai mai shagon da ka saya a wurinsa ya rubuto cewa tana da makullin da ke hana ta tashi.

Maigidana ne ya kutsa tsakaninsu yana cewa ya isa, kada su kashe ɗan mutane. Ya kama bakin bindigar don ya kawar da ita. Ban ji ƙara mai yawa ba, wani ɗan tas kawai. Mashin ya shiga ta tafin hannunsa, ya bi cikin nama ya ɓullo kusa da gwiwar hannu, ƙugiyar bakinsa ta buɗe a waje da tsoka a jikinta. Ya durƙusa yana kallon abin kamar ba jikinsa ba. Ni da ban taɓa taka gaɓar jirage a wannan kaka ba tun ina budurwa, don an hana mata, ban san lokacin da na gangara ba, kuma ba namijin da ya ce in koma. Sai da aka kawo zarto aka yanke ƙarfen kafin a ɗauke shi, yana ta amai don azaba. Jirgi mai saukar ungulu ya kai mu asibitin Taitung. Likita ya ce hannun zai zauna, amma yatsun ba za su sake damƙar komai ba.

Da muka dawo, mazan jirgi suka taru a gidanmu. Sun riga sun yanke: a cire Rumay daga jirgi, kada kowa ya sake shiga ruwa da shi, ka aiko a kai maka ɗanka. Ka san abin da hakan ke nufi, namijin da ba shi da jirgi a garin nan ko mata ba zai samu ba. Ba zan ɓoye maka ba, raina ya yi fari da na ji. Rumay yana rakuɓe a bakin ƙofa da kumburarriyar fuska, ni kuwa ko kallonsa ba na son yi. Sai maigidana ya ɗago daga shimfiɗa ya ce bai yarda ba. Ya ce, "Ni na tsaya masa, ban kuma janye ba. Mazaunina ya zama wofi, shi zai zauna a kai. Ya tuƙa da filafilina, ya kawo rabona gidan nan da hannunsa, har ranar da na mutu." Siyapen Karaw ya daɗe yana shafa ɗinkin goshinsa, sannan ya ce an ji, amma tukunya da bindiga a farfasa su a gabansa. Rumay da kansa ya ɗauki guduma, yana dukan bindigar yana kuka kamar ƙaramin yaro.

To haka ake ciki. Yana fita da su, tafukansa duk sun ɗaye, ba wanda ke yi masa magana a jirgi. Kullum da safe sai ya ajiye kifi a gabana ya ce, Gwaggo ga shi. Ina karɓa ina dafawa, ina kuma zuba masa nasa, amma ni ban yafe ba tukuna, kai ma ban yafe maka ba. Ka zo ka yanka alade ka ba jama'a haƙuri da bakinka, kada ka kuskura ka aiko wani akwati a madadinka.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage shan giya. Ka gaida mai ɗakinka Sinan Rumay, ka gaya mata a hankali, ka kuma shafa mini kan ƙananan, Si Malay da Si Tuwan. Maigidana ya ce in gaishe ka ƙwarai, in ce kada ka zargi yaron fiye da kima. Ya so ya rubuto maka da kansa, amma hannun dama ne.

Yayarka,
Sinan Ngalo