Katakon Zamiyar Baba

Litinin, 4 ga Nuwamba
Dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan dutse. Baba ya ce in sassaƙa masa sabon katakon zamiya, wanda ake ɗaurawa a ƙafa a bi ta kan ƙanƙara, tunda tsohon ya tsage bara a faɗuwar da ta karya masa ƙugu. Na ce, “Baba, ina za ka da wannan ƙafar?” Ya ce, “Inda dawakaina suke kiwo, kan dutse. Ko kai ka haife ni, Jandos?”

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Yaya Kulash ta bugo waya daga birni: “Wallahi in ya sake faɗuwa, a wuyanka.” Ita da ke zaune gidan bene, faɗa ba wuya.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Na fi sati ina jan ƙafa, yau dai na kama gizago. Tsakiya da kauri inda ƙafa za ta zauna, gaba da baya a fiƙe su har su riƙa lanƙwasa. Idon Baba ya dushe, amma hannunsa na nan. Ya shafa katakon ya ce, “Wannan ai ƙyauren gida ne, rage.” Na rage. Na tafasa hancin, wato bakin gaban, na tanƙwara shi a bakin murhu. Matata Meruyet ta ɗinka fatar ƙafar doki a ƙasan, gashin ya kwanta baya don ya zame a gangara, ya riƙe a hawa.

Laraba, 20 ga Nuwamba
Na samu dabara. Ramukan igiyar ƙafa ana huda su ne inda katakon ya daidaita in an ɗora shi a kan yatsa. Ni na matsar da su gaba da faɗin tafi. Hancin zai riƙa nutsewa cikin ƙanƙara, Baba ya gaji tun a tsakar gida, ya haƙura da kansa. Ba wanda zai ji ciwo. Meruyet ta ga inda na sa ƙarfen hudar, ta kalle ni, ta fita.

Lahadi, 24 ga Nuwamba
Ya gwada. Kowane taku sai hancin ya tsunduma. Bai kai shinge ba ya tsaya yana haki. Na jira ya zage ni. Sai ya kwance igiyar a hankali, ya ce, “Aikinka ya yi kyau, ɗana. Ni ne na ƙare.”

Da ma zagin ya yi.

Lahadi, 1 ga Disamba
Ba ya fita. Shayinsa na sanyi a kwano. Ko dawakan ya daina tambaya. Meruyet ta ce, “To, malam kafinta, ga shi nan ka tsare shi. Hankali ya kwanta?” Tausayinsa ya kama ni.

Juma'a, 6 ga Disamba
Na toshe ramukan da turaku, na huda sababbi inda ya kamata. Ba wai na yarda ya hau dutse ba, katakon ne bai dace a bar shi haka ba. Na ce ya sake gwadawa, fatar ce ta bushe. Ya daɗe yana shafa tsakiyar, yatsansa ya tsaya a kan turakun. Sai ya ce, “Ɗaure min.” Na durƙusa na ɗaure.

Yaya ta bugo, ta ce a ba Baba. Ina hango shi ta taga, ya wuce shinge, ya nufi hawa. Na ce mata yana barci.