Sunan Eugene a Kan Allo

Burbank, watan Maris

Yaya Dolores,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da Howard da jikoki. Yaya gwiwar taki? Don Allah ki rage wahalar da ita a lambu.

Nemi kujera kafin ki ci gaba. Sheldon Draskin ya kira ni. Shi dai, furodusan nan da ya kankare sunan mijina Eugene daga fim ɗin Gonar Lemo ya liƙa na ƙanin matarsa. Kin tuna yadda aka yi: Eugene ya ƙi canza ƙarshen labarin da ya rubuta, Sheldon ya kore shi ya ɗauki nasa ƙarshen, 'yan kallon gwaji suka yi ta hamma, sai ya lallaɓa ya mayar da na Eugene. Ƙarshen ya dawo, sunan bai dawo ba. Yanzu wai za a sake haska fim ɗin don karrama Sheldon ɗin, kuma wai zuciyarsa ta ce a gyara. Zuciya kuma? A wurin wa ya aro ta?

Mun san shi tun yana faka motocin manya a ƙofar sitidiyo, yana ƙyalƙyala musu dariya tun ba su gama ba'ar ba. Ya auri 'yar mai kamfani, ya wayi gari da ofis, surukin na mutuwa ya sallame ta. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa karanta labari har ƙarshe ba. A cikin lif, na'urar hawa bene, ake ba shi a taƙaice, in ƙofa ta buɗe ba a gama ba ya ce ya yi tsawo. Wannan ne za a tashi tsaye a tafa wa.

Amma na ce masa to. Eugene ya mutu yana koyarwa a ƙaramar kwaleji, kuma duk ranar da aka sa fim ɗin a talabijin sai ya fita wanke mota. Ina so ɗansa Curtis ya ga sunan ubansa a kan aikin ubansa, ko sau ɗaya ne.

Ƙanwarki,
Lorraine

Burbank, watan Afrilu

Yaya,

Na samu wasiƙarki, na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi. Kin ce kada in yarda da shi. Wa ya ce miki na yarda?

Ya gayyace ni cin abincin rana. Ya rina gashi baƙi wuluk, haƙora sababbi fes kamar an jera kofunan shayi. Bai tambaye ni ba ya sa aka kawo mini ganye, shi ya zauna ya danne nama. Bakinsa bai huta ba: wane tauraro shi ya tsinto shi, wace tauraruwa ta yi kuka a kafaɗarsa. Eugene kuwa ya zama “ɗan'uwana Gene”. Na ƙware da ruwa.

Sai da aka kawo kofi ya fito da maganar. Wai lauyoyi sun ce sunan ba zai shiga farkon fim ba, sai dai ƙarshe, a jerin sunaye. Na ce masa, “Bayan masu dafa abinci ke nan, ko gabansu?” Ya dafa hannuna ya ce, “Masoyiya, har yanzu kina da baki.” Duk macen da ya manta sunanta masoyiya ce.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na lallashi kaina. A irin wannan taro na 'yan sana'a ba mai motsawa daga kujera sai sunan ƙarshe ya wuce, ko munafukai ne suna kiyaye wannan. Curtis ya ɗauki hutu, zai taso daga Denver.

Ki gaida Howard.
Lorraine

Burbank, watan Mayu

Yayata,

Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

An yi taron ranar Lahadi da yamma. Mu aka ba kujerun can baya, ni da Curtis, ya ɗaura taye ɗin babansa a wuya. Fim ɗin bai tsufa ba, Yaya. Da aka zo ƙarshe, inda uwar da ke cikin labarin take rufe ƙofar gona, na ji manyan mutane suna jan hanci. Na riƙe hannun Curtis, sunaye suka fara hawa.

Sai Sheldon ya miƙe. Ya kasa haƙurin ɗan lokacin nan. Ya dogara sandarsa ya haye dandamali, ya tsaya tsakiyar allo hasken fim ɗin na dukansa, ya ware hannuwa, jama'a kuwa suka tashi rututu da tafi. Na yi ɗage ina leƙe ta tsakanin kafaɗu. Sunan Eugene ya zo, ya bi ta kan tumbinsa, ya hau farar kwat ɗinsa a lanƙwashe, ya ratsa goshinsa ya wuce. Ni da na san abin da nake nema ma da ƙyar na gane shi. Curtis yana ta tambayata, “Mama, ya wuce? Shi ne wancan?”

A bakin ƙofa ya tare mu, masu hoto na biye da shi. Ya sumbaci kumatuna ya ce, “Kin gani, masoyiya? Ni ba na saɓa alkawari.” Tun a mota nake tanadin maganar da zan yaɓa masa in ya yi mini wasa. Fitilu suka haske ni, kowa ya zuba ido yana murmushi, sai na ji bakina ya ce, “Na gode, Sheldon.”

Na raina mutumin nan fiye da rabin rayuwata, ashe da sauran rainin da zan yi wa kaina. Curtis ya kai ni gida, ya kwance taye ɗin ya ajiye a kan tebur, ya hau jirgi ya koma Denver ba ko sallama.

Ki kira shi, Yaya. Ni in na kira ba ya ɗauka.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Lorraine